Furar Kofur

Duk wanda ya san abokina Hashimu mai kaji a Funtuwa ya san abu biyu yake tsoro a duniyar nan, murar kaji da surukinsa. Murar kajin ma da sauƙi, tunda ita ana yi mata rigakafi. Surukin nasa, Alhaji Mamuda, tsohon dillalin auduga ne, dattijo mai tsare gida, wanda shekara tara ke nan Hashimu yana auren 'yarsa Rakiya amma ko sau ɗaya Alhaji bai taɓa kiran sunansa ba. "Yaron nan" yake ce masa. Yaron nan kuwa har furfura ta fara leƙo masa a gemu, kuma babu abin da yake so a rayuwarsa kamar ranar da Alhaji zai dube shi ya ce ya yi abin kirki.

Abin da ya ƙara dagula tsakaninsu kare ne. Ɓarayi suka sa Hashimu a gaba, yau kaza uku, jibi biyar, har ya gaji ya samo wani jan kare a wurin wani mafarauci. Ya sa masa suna Kofur, ya ɗaure shi can bayan gida kusa da ɗakin kaji. Sata ta tsaya cak. Amma da labari ya kai kunnen Alhaji, sai ya ce shi da gidan da ake kiwon kare sai dai a gaisa daga bakin titi. Wata takwas bai taka gidan 'yarsa ba.

Da damina ta kankama sai ƙaiƙayi ya kama Kofur. Jama'a, ban taɓa ganin susa irin wannan ba. Ya sosa da ƙafar baya, ya sosa da ta gaba, ya goga jiki da bango, ya yi birgima a ƙasa, ya tashi ya ciji gindin wutsiyarsa yana juyi wuri ɗaya. Gadi ya tashi daga aiki. Ɓarawo zai iya shigowa ya zaɓi kazar da ta yi masa, har ya ɗaga ta ya ji nauyinta, Kofur yana can yana fama da bayan kunne.

Hashimu ya kira likitan dabbobin da ke yi wa kajinsa allura, wani matashi mai babur da saurin magana. Ya duba, ya ce babu ƙuma, babu kaska, shi a ganinsa matsalar daga ciki take. Ya ce akwai wasu ƙananan halittu masu amfani a cikin kindirmo da ke gyara hanji, in hanji ya gyaru fata ma takan lafa. A sami kindirmo mai kyau marar sukari, a dafa kabewa da dankalin Hausa a kirɓa, a zuba tunkuza, a kwaɓa, a mulmula ƙanana. Kada a soya, kada a gasa, zafi yana kashe abin. A ajiye wuri mai sanyi, biyu da safe, biyu da yamma, bayan sati uku zai dawo ya gani.

Rakiya da ta ji, sai ta tafa hannu. "Baban Nana, ni ban yi aure don in yi wa kare girki ba. Ga turmi can, ga taɓarya, Allah ya ba da sa'a."

Haka na shiga gidan wata safiya zan sayi ƙwai, na tarar da ƙato guda ya naɗe hannun riga, ya turo ƙofar gida ya manta bai sa sakata ba, yana mulmula curi yana jerawa a cikin sabuwar ƙwarya. In kun gan su, wallahi ba za ku bambanta su da curin fura ba, sai dai ɗan ja-ja na kabewa. Na yi dariya har na zauna a kan buhun dusa. Ya kama hannuna ya ce in yi wa Allah kada kowa ya ji, don in 'yan majalisa suka san yana saya wa kare kindirmo, to ya gama shan shayi a garin nan. Na yi masa alkawari. Ku ma don Allah kada ku gaya wa kowa.

Kwana biyu kacal Kofur ya mori abin. A rana ta uku Alhaji Mamuda ya je ta'aziyya a unguwar, yana dawowa hadari ya haɗo, ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya, kuma babu gidan da ya fi kusa sai na 'yarsa. Dole ta sa ya shiga yana ɓata rai. Rakiya ta shimfiɗa masa darduma a rumfa, ta ruga madafa ta ɗora masa shayi. Kusa da shi kuwa, a gindin randa inda ya fi sanyi, ga ƙwarya an rufe da faifai. Uba a gidan 'yarsa ba ya neman izinin buɗe faifai.

Lokacin da Hashimu ya shigo a jiƙe daga wurin kaji, curi na huɗu ne yake kan hanyarsa ta zuwa bakin Alhaji. Hashimu ya zube ya kwashi gaisuwa. Ya so ya hana shi, amma ta yaya? Ku faɗa mini, da wane baki mutum zai dubi surukinsa ya ce, "Baba, ajiye, ba naka ba ne"?

"Yaron nan," in ji Alhaji yana tauna, "wa ya yi wannan furar?"

"Ni... ni ne, Baba."

"Kai? Da hannunka?"

"E, Baba."

"Babu sukari a ciki."

"Babu, Baba. An hana... wato ba a sawa."

"Ka kyauta. Ni ma likita ya hana ni." Ya sake ɗaukar wani. "Ashe kana da hankali."

Shekara tara Hashimu yana jiran wannan kalma, sai ga ta ta zo masa a cikin ƙwaryar kare. Ya ce bai san ko ya yi murna ko ya yi kuka ba, sai ya ce, "Na gode, Baba." Da ruwa ya ɗauke, Alhaji ya sa aka juye masa sauran a leda ya tafi da su.

To, abin da ban gaya muku ba shi ne Alhaji ma yana da nasa ƙaiƙayin. Shekara da shekaru yana fama da shi a gadon baya. Duk ƙofar da ya tsaya a bakinta sai ya jingina ya ɗan goga, kuma a aljihun babbar rigarsa akwai totuwar masara da ya soke a tsinke don irin wurin da hannu ba ya kaiwa. Ko furar ce ta yi aiki, ko sabulun wanka matarsa Hajiya ta canja masa, ko dai lokacin sauƙi ne ya zo, Allah kaɗai ya sani. Shi dai Alhaji bayan kwana goma ya ce ya warke, kuma furar surukinsa ce.

Daga nan fa gidan da aka yi wata takwas ba a taka ba ya zama wurin zuwa duk bayan kwana biyu. Maganar kare ma an daina ta, tunda yana can baya ba a ganinsa. "Yaron nan" ya koma "Hashimu". Rannan a gabana ya dafa kafaɗarsa ya ce masa "ɗana", na ga idon Hashimu ya cika da ƙwalla. Alhaji ya kai wa abokansa na majalisa ɗanɗano, su ma suka ce a ƙaro. Hashimu ya koma kirɓa kabewa safe da yamma, kaji suna kuka yana ce musu su yi haƙuri.

Na ce masa, "Kai, ka riƙa ware wa Kofur nasa mana."

Ya ce ai ya gwada. Ya ɗebi huɗu zai nufi bayan gida, Rakiya ta sha gabansa ta riƙe ƙugu.

"Ina za ka da su?"

"Kofur zan..."

"Abin da Babana yake ci za ka jefa wa kare? A gidan nan? Ina raye?"

"Rakiya, ai tun asali nasa ne!"

"Da can ne nasa. Yanzu furar Baba ce. Mayar."

Ya mayar. Kuma da ya zauna ya yi tunani, sai ya ga tana da gaskiya ta wani ɓangaren. Muddin Kofur ba ya ci, to fura ce yake yi wa surukinsa, babu ƙarya a ciki. Ranar da ya jefa wa Kofur ɗaya kuwa, ya tabbata abincin kare yake ba Alhaji. Saboda haka Alhaji ya yi ta murmurewa, fatarsa har sheƙi take, Kofur kuma yana can yana goga haƙarƙari da bango har gashin wurin ya zube.

Ranar da abin ya fashe Asabar ce da hantsi, kuma Allah ya sa ina nan, na zo ɗaukar ƙwai. Alhaji ya zo da matarsa Hajiya Tasalla, uwar Rakiya, wai a koya mata yadda ake haɗin, don ya gaji da jeka-ka-dawo. Hajiya tsohuwa ce 'yar firit marar yawan magana, ta sami kujera 'yar tsugune ta zauna tana kallon kowa. Alhaji ya harɗe a darduma, ƙwarya a cinyarsa, yana yi mata bayani kamar shi ya ƙirƙiro abin.

Babu wanda ya tuna cewa ranar ce sati uku suka cika. Likita ya ajiye baburinsa ta ƙofar baya kamar yadda ya saba, ya duba Kofur, ya ga abin ya ƙaru. Sai ga shi ya zagayo tsakar gida riƙe da sarƙa, kare yana biye da shi, yana tafiya yana tsayawa yana susa.

"Malam Hashimu, wannan wane irin abu ne? Ba ka yi haɗin da na ce ba ko? Dubi bayansa!"

Hashimu ya yi ta ƙifta masa ido kamar wanda barkono ya faɗa wa. Ni kuma na fara tari da ƙarfi. Likita bai kula mu ba, don idonsa ya riga ya sauka a kan ƙwaryar da ke cinyar Alhaji.

"Yawwa, ashe an yi! Kai, har ya fi yadda na zata kyau. Sannu Baba, ina kwana. Ashe kai ne kake ba shi. Jefa masa ɗaya mu ga yadda yake karɓa."

Alhaji ya dubi curin da ke hannunsa, wanda ya riga ya gatsa rabi. "In jefa wa wa?"

"Karen mana, Baba. Ai maganinsa ne."

Kofur kuwa, da ya shaƙi ƙanshin abin da ya ɗanɗana sati uku da suka wuce, sai ya zo daidai bakin darduma ya zauna a kan ƙafafunsa na baya, ya kafe Alhaji da ido, wutsiya tana share ƙasa. Rakiya ta sulale ta shige madafa. Ni na sa bakin hula a baki na cije, don in na saki dariyar nan na san ni da gidan har abada.

Alhaji ya ajiye ƙwaryar a hankali. "Hashimu."

Hashimu ya riga ya durƙusa, goshinsa ya kusa taɓa ƙasa. "Na'am, Baba."

"Gaskiya ne?"

"Baba, wallahi bakinsa bai taɓa ƙwaryar ba. Sabuwa ce. Kindirmon ma na mutane ne, kabewar ma..."

"Na ce gaskiya ne?"

"Gaskiya ne, Baba."

Sai Alhaji ya miƙe, babbar riga tana kaɗawa. Ya yi salati, ya sake yin salati. "Ni Mamuda! Ni da na yi wata takwas ban shigo gidan nan ba saboda wannan dabba, ni aka zaunar ana ciyar da ni abincinsa! Har na ɗauka na kai wa Liman! Na kai wa Sarkin Fawa! Na tsaya a gaban mutane ina cewa ɗana ne ya yi! Likita, kai shaida ne. Kai ma mai ƙwai, kai shaida ne. An ci mutuncina a gidan nan, an zalunce ni!" Ya juya wurin matarsa yana haki. "Tasalla, kina zaune kina ji? Ba za ki ce komai ba? Wallahi sai an bi mini hakkina!"

Hajiya Tasalla ta gyara mayafinta, ta dubi mijinta sama da ƙasa, sannan ta nuna Kofur da haɓa.

"Wane hakki kuma, Alhaji? Kai ka ci, kai ka warke. Mai hakki ga shi nan yana susa."