Ranar da Lissafina Ya Zaunar da Kawu

Ba zan taɓa mantawa da hutun da na yi a Dakoro bayan shekarata ta biyu a kwaleji ba. Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba, duk wanda ya iya riƙe alƙalami ana yi masa kallon minista mai jiran gado. Ni kuwa na dawo daga Maradi da kaye uku, wato littattafan rubutu, da wando mai guga, da kai wanda ya fi ƙarfin hulata.

A gidan Kawu Ila na sauka, yayan mahaifiyata, wanda ya tsaya kai da fata aka sa ni lakwal, wato makarantar boko. Ɗan kasuwar hatsi ne, mutum mai jiki (in faɗi gaskiya, in ya zauna a zaure sai a rasa ta inda iska za ta shiga). Na tarar da shi yana fama da kumburin ƙafa da haki. Babban ma'aikacin jinya na garin, wanda kowa ke kira Manjo, ya ce masa maganin shi ne tafiya. Kawu kuwa ba ya karɓar magana sai da awo, ya ce a faɗa masa tafiyar nawa ce. Manjo ya ce aƙalla taku dubu shida kullum.

"To ɗan lakwal," in ji Kawu, "ga aiki ya same ka. Masallaci dai ina zuwa sau biyar. Sau nawa zan je rumfata a kasuwa in cika abin da mutumin nan ya yanka mini?"

Na yini ina bin sa a baya ina ƙirga. Zuwa masallaci da dawowa sau biyar, taku dubu ɗaya da ɗari biyu. Zuwa kasuwa da dawowa sau ɗaya, dubu ɗaya da ɗari shida. Wanda bai taɓa shiga aji ba ma zai iya cire wannan daga wancan ya raba. Amma ni a watan nan muka koyi lambobin da ke ƙasa da sifiri, kuma na rantse sai mutanen Dakoro sun gan su.

Bayan la'asar abokan Kawu suka cika ƙofar gida, har da wani baƙonsa daga Ɗan Gulbi. Na sa aka share ƙasa, na ɗauki kara. Na rubuta cewa dubu shida, in an cire takun kasuwa, abin da ya rage kada ya wuce takun masallaci. Har nan daidai nake. Na kwashe lambobi daga wannan gefe zuwa wancan, komai ya koma ƙasa da sifiri, na raba. Malaminmu na lissafi, wanda muke kira Mushe kamar kowane malamin lakwal, ya sha gaya mana cewa in ka raba da irin wannan lamba, dole ka juya bakin alamar, "bai wuce ba" ya koma "bai gaza ba". Ni ina can ina kallon fuskokin mutane, ban juya ba.

Na ja dogon layi, na jera sifiri, ɗaya, biyu, har shida. Na dangwala babban ɗigo a kan uku, na ja kibiya ta yi hagu.

"Kawu, amsa ita ce uku ko ƙasa da haka. Duk inda kibiyar nan ta bi, daidai ne."

Kawu ya sunkuyo da ƙyar, ya bi kibiyar da yatsa. "Biyu ma daidai?"

"Daidai."

"Wannan mai kama da ƙwai fa?"

"Sifiri ke nan. Shi ma yana ciki."

"Wato ko ban je ba sam, na cika?"

A nan ya kamata zuciyata ta buga. Inna Habsu, matar Kawu, ta kawo fura ta tsaya daga soro, ta ce, "Ɗana, in bai je ba, takun daga ina zai fito?" Na amsa mata da Faransanci (wallahi da Faransanci, ga matar da ta goya ni), na ce wannan ka'ida ce ta ilimi. Ta ce, "To, Allah ya ƙara sani," ta koma ciki.

Kawu ya yi ta sa mini albarka. Sati biyu cur bai leƙa kasuwa ba, yana zaune yana gaya wa duk mai wucewa cewa karatun zamani rahama ne.

Ranar kasuwa Manjo ya biyo ta ƙofar gidan a kan kekensa. Ya danna ƙafar Kawu da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Ya tambaye shi ina tafiyar. Kawu ya ce ai ɗansa na kwaleji ya warware maganar, a kira shi ya nuna wa likita. Aka kira ni. Mutane sun fi na ran nan yawa, don masu kawo gero daga ƙauyuka duk suna nan.

Na sake zana komai, har da ƙawata kibiyar. Manjo bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Samari, bar Faransancin. A ce Alhaji bai je kasuwa ba yau. Takunsa nawa?"

"Dubu ɗaya da ɗari biyu."

"Ni nawa na ce?"

"Dubu shida."

"Wanne ya fi?"

Ina jin gumi yana bin bayana har cikin wandon gugar. Manjo ya karɓi karan, ya bar ɗigon a kan uku, ya shafe kibiyata da takalminsa, ya ja sabuwa ta yi dama. Ya ce, "Uku ko fiye. Ukun dai ka samo ta, sai dai ka aika kawunka yamma alhali maganinsa yana gabas."

Aka yi dariya har baƙon Ɗan Gulbi ya ƙware da goro. Abin da ya fi ci mini rai shi ne Kawu bai yi dariya ba. Ya dube ni ya ce, "Ashe dai da na ji daɗin amsar na san da wata a ƙasa."

Hukuncina kuwa, ni zan riƙa raka shi kasuwa sau uku kullum, ina riƙe masa laima, ina ƙirga da ƙarfi. Haka na ƙare hutun. Ƙafarsa ta saɓe kafin in koma Maradi, ni kuma masu awo suka laƙaba mini Mushe Sifiri, sunan da ya bi ni har ranar ɗaurin aurena.

Daga baya ni ma na zama malamin lissafi, shekara talatin ina riƙe da alli. Abu guda nake fara koya wa ɗalibai kafin kowace ka'ida: in ka samo amsa, mayar da ita cikin tambayar ka ga ko za ta zauna. In kuma amsar ta ce wa mai ƙiba ya ci gaba da zama, shi kuma ya hau sa maka albarka, kada ka ce amin sai ka sake lissafin.