Famfon da ke Ƙarƙashin Kujera

Shekarar da mulki ya koma hannun farar hula, ni ma na ga tsohuwar motata ta cancanci sauyi. Na yar da Baba Lamidi, makanikena na gindin bishiya a Agege, na yi rajista da kamfanin dillancin motoci a Ogba, na kai musu ita gyara. Har na ce wa 'yan majalisarmu, "Mota sai likita, ba boka ba."

Ranar da na karɓo ta tana ƙyalli, na wuce tashar Iddo ɗauko surukina daga jirgin ƙasan Kano. Ba mu yi nisa ba ta yi tari, ta mutu a tsakiyar titi. Direbobin bas ɗin danfo suna ta zagina da Yarbanci, ga surukina dattijo da babbar riga yana turi, ni ina riƙe da sitiyari! Na buga wa kamfani waya, suka ce sai Litinin, wataƙila ma a sauke inji.

Dole na aika wa Baba Lamidi. Ya zo a okada, ko bonet bai buɗe ba. Ya zura hannu ƙarƙashin kujerata, ya murɗa famfon man da ya ɓoye mini saboda ɓarayi. Masu wankin kamfani ne suka rufe shi. Ni na roƙa a saka, ni kuma na manta.

"Oga," ya ce, "boka ya gama." Ashe magana ta kai masa.

Har yau in na je gaida surukina, sai ya tambaya, "Da mota ka zo? In tuɓe riga?"