Malam Tayid Yana Jiran Ruwa Ya Juyo

Duk Jidda, daga unguwar Bani Malik har bakin teku, ba a taɓa yin masanin gobe kamar Na'ibi ba. Shekara biyu ya yi yana goge wa wani Bature takalmi a Bur Sudan, ya fito da Turanci cikakke, wato jimla ɗaya. Amma fa mai nauyi ce. "Za tayid wil tan," in ji shi, yatsa a sama. Unguwa ta raɗa masa Malam Tayid, shi kuwa ya ɗauka naɗi ne.

Ba ya rowar ilimi. Ko sannu ka ce masa sai ka sha fassara.

"Ma'anarta, ya jama'a, al'amura za su juyo. Asalinta daga matuƙan jiragen ruwan Ingila ne. Teku kan janye ya bar jirgi a kan yashi. Jahili ya yi ta kuka, mai hankali ya gyara zama. Ruwa zai dawo. Ni ba a takarda na gani ba, daga bakin masu abin na ji."

Aikinsa tarbar alhazai a tashar jiragen ruwa, a madadin kafilinsa Abdulghani, ubangidan da ya tsaya masa ya zauna a ƙasar, mai saukar da mutanen Kano. Da alhazai suka koma zuwa ta sama, Abdulghani ya kira shi.

"Ya Na'ibi, bana filin jirgin sama za ka tsaya. Yalla."

Malam Tayid ya yi murmushin tausayi. Ya yi masa bayanin matuƙan Ingila tun daga farko, ya ƙara da cewa jirgin sama yayi ne, zai wuce. Wane mai hankali ne zai zo ɗakin Allah ba tare da ya yi amai a teku ba?

A gida matarsa Zaituna ta ce, "Malam, iƙamarmu fa, takardar zamanmu a ƙasar nan, a hannun mutumin nan take."

"Ke dai zuba ido," in ji shi.

Ranar da mutanen Kano suka sauka a filin jirgin sama, suka yini zaune a kan akwatunansu ba mai tarba, Malam Tayid yana bakin teku cikin kwat, gumi har ƙafa. Kuma Allah ba ya kunyata masana: da la'asar sai ga jirgi. Ya hau kan wata ganga, ya gyara murya, ya fara marhabin da Larabci, ya zarce da Hausa, yana tanadin Turancin don rufewa.

Aka sauke tsani. Baƙin suka fito cikin farare, suna turereniya, kowa na kuka da murya ɗaya. Ragunan hadaya ne daga garin Barbara, can ƙetaren teku.

Bai sauko daga gangar ba saƙon Abdulghani ya iso: halas, aiki ya ƙare, ya nemi wani kafilin.

Dillalin ragunan, wanda ya saurari jawabin da natsuwa, ya matso.

"Mashallah, ya hajji, kana da murya. Ka iya kora?"