Ranar da Ganga ta Katse wa Babban Baƙo Jawabi

Jama'a, ku yi mini uzuri in kun ji rubutun yau yana ɗingishi. Da takalmi ɗaya na dawo gida ranar Asabar. Na daman ya maƙale a taɓon bakin tabki, wataƙila ma yanzu ya kama hanyar Kainji ba ko sallama. Maiɗakina Suwaiba ta dube ni daga hula har ƙafa ta ce, "Malam, kallon tsere kat tahi, ko kai ma tseren ka yi?"

Ga yadda aka yi. Akwai wata tunga ta masunta gaba da Warra kaɗan, inda tun ina yaro ake tseren kwale-kwale duk shekara bayan an kai amfanin gona gida. Babu katin gayyata, babu rumfa. Makaɗi ya buga ganga, maza su danna filafilai cikin ruwa, mata su yi guɗa, wanda ya ci ya ci. To bana Allah ya kawo mana gata. Wasu manya suka kafa kwamiti, suka ce sun zo su farfaɗo da al'ada. Ni dai ban san ta suma ba, amma wa ya isa ya yi musu da likita?

Na ja maƙwabcina Philip mai faci muka tafi a babur ɗinsa, bayan mun yi awa biyu a layin mai a Yelwa. Shi Philip in ba ƙwallon Turai ba, ba ya ganin kome wasa ne. Ya san sunan kakar mai tsaron gidan ƙungiyarsu, amma bai san sunan mai unguwarmu ba.

"Yanzu don Allah mene ne abin kallo a nan?" in ji shi. "Mutum ya tuƙa jirgi? Ai kullum ana yi."

Na ce, "Gudu ma kullum ana yi, amma kai ne kake ƙin cin tuwo in wani Bature ya kasa zura tamaula a raga."

Ba ƙin ƙwallo nake yi ba, ni ma nakan leƙa gidan kallo. Sai dai wancan ɗan wasan ko ka mutu a kansa bai san ka yi ba. Na tunga kuwa in ya ci, gobe kana iya cin kifinsa.

Mun isa da hantsi muka tarar da ikon Allah. Rumfuna shida, kujerun roba reras, janareto na ruri. An ɗauko wani matashi daga birni da lasifika kamar ɗakin kwana, yana sakin waƙoƙin da ko kifi sai da ya nutsa ƙasa. Auwalu makaɗi, wanda shekara talatin shi ke tayar da wannan tsere, an tura shi bayan rumfar masu shinkafa, yana zaune a kan gangarsa kamar wanda ya zo zaman makoki. A gaban ruwa kuma ga wani sabon jirgi ya sha fenti, hoton Babban Baƙo a gefensa yana murmushi, matuƙansa sanye da riguna iri ɗaya. Kallo ɗaya na yi wa yadda suka riƙe filafili na gane muciya suka fi sabawa da gani.

Jirage tara na gaske suna jere tun safe. A na uku na hango Baba Maliki. Duk wanda ya taɓa cin kifi a yankin nan ya san shi. Ya haura sittin, idonsa na hagu ya fara hazo, 'ya'yansa sun sa shi ya rantse wannan ne tserensa na ƙarshe. Bara samarin Shanga suka wuce shi da tsawon kamu ɗaya, shekara guda ke nan bai yafe wa kansa ba.

Na matsa na gaishe shi. "Baba, ina gajiya?"

"Gajiya tana zuwa, ɗana," ya ce, idonsa na kan gabas. "Ka ga wancan duhun? In la'asar ta yi iska za ta taso. Ruwan ga bai san babban mutum ba. In ba a yi tseren ga yanzu ba, sai dai a yi jana'iza."

Na kai maganar wurin wani ɗan kwamiti mai ƙatuwar takarda a ƙirji. Ya dube ni kamar na taka masa sallaya. "Ba a tashi sai Mai Girma Babban Baƙo ya ɗaga tuta. Tsari ke nan."

Mai Girma Gatan Wasanni, Inuwar Matasa, Rijiya Mai Ruwan Alkawari, ya iso bayan azahar da motoci goma sha ɗaya. Allah ya ja zamaninsa, mutum ne mai son al'ada, don kafin ya zauna sai da ya tambaya ko wannan ruwan ne tekun. Aka yi jawabin maraba. Aka yi jawabin godiya ga mai jawabin maraba. Sannan aka gabatar da manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya, har da direban da ya kawo kujeru. Matuƙa kuwa suna cikin rana tun safe, sun zama banda ba wuta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar tafi.

Da Mai Girma ya miƙe, sai ya fara daga tarihin ruwa. Ya yi alkawarin filin wasa na zamani a kan tabkin, da fitilu, da jirage masu na'urar sanyaya ɗaki. Yana shafi na bakwai na ga ganyen giginya ya fara kaɗawa. Baba Maliki ya miƙe tsaye cikin jirginsa, ya sa hannu a baki ya ƙwala kira.

"Auwalu! Kai ma tuta kaka jira?"

Auwalu ya tashi a hankali, ya rataya ganga, ya tako har bakin ruwa. Ɗan kwamiti ya taho da gudu yana ɗaga hannu, amma ina. Bugu uku ya yi, irin wanda ke shiga ta ƙirji kafin ya kai kunne, sai filafilai suka faɗa ruwa gaba ɗaya.

Wallahi ban san lokacin da na bar kujera ba. Taron nan kaf ya juya ya ruga gaɓa, har masu riƙe wa Mai Girma lema. A nan taɓo ya karɓi zakkar takalmina. Samarin Shanga suka fita gaba kamar an harba kibiya, Baba Maliki na biye, ba ya gaggawa, yana buga ƙafa a jirgi don matuƙansa su ja tare. Da aka zagayo tsibirin da ake juyawa, iska ta fara tura jirage gefe. Samarin suka yi ta kokawa da ita. Tsohon kuwa ya kwantar da hancin jirginsa ya bar ta ta yi masa aiki. Da tsohuwar zuma ake magani.

Wani ya damƙe mini wuya yana ihu a kunnena, "Maliki! Maliki! Ja, Baba, ja!" Na waiga, ashe Philip ne, ruwa har gwiwa, hawaye shaɓe-shaɓe. Baba Maliki ya shigo da ratar jirgi guda cur. Mata suka ɓarke da guɗa, shugaban samarin Shanga ya yi tsalle cikin ruwa ya je ya ɗaga hannun tsohon da kansa.

Sai ga sanarwa a lasifika: wannan tsere bai halatta ba, tunda ba a ɗaga tuta ba, kuma mai ɗaukar hoto bai shirya ba. A koma a sake.

Baba Maliki ya share fuska da hularsa ya ce, "Ku gai da Mai Girma. Ku ce mai ruwa ya gani, mutane sun gani. Wanda bai gani ba ya tambaya."

Babu jirgin da ya motsa, don lokacin igiyar ruwa ta fara dukan gaɓa. Amma kwamiti ba ya kunya. Aka ɗaga tuta, jirgin nan mai fenti ya yi 'yar tafiya shi kaɗai a inda ruwa bai wuce cibiya ba, ya juya sau biyu ba da niyya ba, ya dawo. Aka ba shi kofi, ya ci ba hamayya. Shi kuwa tsohon, Inna Larai mai banda ta aza masa giwan ruwa sukutum a kafaɗa, Auwalu ya saka sunansa a kiɗa, aka raka shi har ƙofar gida ana rawa.

Jiya Philip ya kawo mini sanarwar da kwamiti ya fitar a wayarsa. Wai jawabin Mai Girma ya ratsa jama'a, har dubban mutane suka miƙe tsaye suna sowa tun bai kammala ba. Ni shaida ne, ko harafi ɗaya ba su yi ƙarya ba. Mun miƙe, mun yi sowa. Inda ƙeyarmu ta dosa ne kawai suka manta ba su rubuta ba.