Burgun Arzika da San Labbo

"...da iyali, da kwaɗin da kaka kira kihi?"

"Lahiya lau suke. Ina wanga annoba da ka turke gida?"

Haka Labbo da Arzika suka gama gaisuwa a bakin gulbin Argungu. Taubasai ne, ɗan mace da ɗan namiji, ba su taɓa yi wa juna maganar arziki ba. Labbo sa yake kiwo a Birnin Kabi, ya cinye ciyawar unguwarsu kaf, shi ne ya hawo mota da lauje. Arzika kuwa masunci ne, yana da wata kwanar gulbi mai burgu, ciyawar nan ta cikin ruwa inda 'ya'yan kifi ke ɓuya su girma. Yana ganin laujen ya ɓata fuska, domin bara shanu sun kwashe burgun ƙetare, masunta da kifi sai labari.

"Burgu nika so, bawana. Sa na marmari."

"Wane marmari? An ce man ya cinye danga da igiyar shanya, har tabarmar liman."

"Tabarmar ta tsuhwa. Taimako yay yi."

"An ce randa yay yi gyatsa mutanen Ambursa sunka ɗauka hadari na, sunka hita shuka."

"Kuma ta tsiro. Su zaka su yi godiya."

"Tun da ka turke shi zahin Birnin Kabi yaƙ ƙaru. Tusa ɗai shika yi, kaji na ƙwai dahwahhe."

"Hassada ta mai cin ƙaya. Ranar da anka yanka shi duk unguwar Gesse za ta ƙoshi."

"Yini guda, Labbo. Shi ko ya ci hwadama guda."

Labbo ya share zancen, ya gyara babbar riga. "Kai ni wurin burgun, ko in kai ƙararka Sakkwato."

Arzika ya yi kamar ya saduda, ya jawo jirgi. Labbo ya shiga yana taƙama, shi da ko kwalbati ta cika sai ya zagaya. Sai da suka kai tsakiyar gulbi Arzika ya ɗora gorar tuƙi a cinya, ya ciro goro ya ɓantara. Jirgi ya fara juyi a hankali.

"Mi kaka jira?"

"Sanka. Tunda shi ad da gulbin, shi zaka shi tuƙa."

"Bar wasa da ruwa, ɗan kawu."

"Yau ni a ɗan kawu? Ɗazu bawa nike."

Arzika ya ɗan karkata jirgin, ruwa ya leƙo. Labbo ya saki lauje ya rungume katako hannu biyu, yana ambaton kakanninsa har da waɗanda bai san sunansu ba.

"Duƙa ka diba nan, gindin burgu."

Labbo ya leƙa da ido ɗaya. Wasu 'yan mitsi-mitsi ne baƙi ƙirin, suna ta yawo cikin saiwa.

"Ƙwari na?"

"Miyar ɗiyana ta baɗi ta. Bana tuwo gaya sunka ci har auta Sadatu ta daina tambayar miya." Ya faɗe ta da wasa, amma Labbo ya gane ba wasa ba ne.

Labbo ya daɗe yana kallon ruwan. Can ya sa ƙafa ya turo laujen gaban taubashinsa, yana dariya, hannunsa dai bai saki katako ba.

"Riƙe, mugu. Shi ci karan shinkahwa kamar kowa. In an yanka shi, kan naka na."

Arzika ya tsoma gora a ruwa. "Kan da yay yi shawarar cinye gulbi? Ba ɗiyanka, su yi gadon halinai. Ni kawo man cinya."