Nomau da Littafin Gidaje

Ku gyara zama ku ji labarin Nomau, mutumin kirki wanda bai taɓa ƙara wa magana komai ba, bai kuma taɓa rage mata ba. Daga shi sai matarsa Tabawa da awaki uku. Yayansa Malam Ilu dillalin gidaje ne, yana da wani babban littafi mai hotunan gidajen sayarwa da lambobin wayar masu su. Tabawa ce ta roƙa aka ba Nomau tsaron littafin. Ilu ya ce, "Amanar mutane ce a ciki. Ranar da ta zube, ka koma kiwon awakinka."

Wata rana za a kai wa mai buga takardu aikin talla. Ilu ya ce, "Hotuna kawai za ka ba shi, kada ya ga lamba ko ɗaya." Nomau ya samo almakashi, ya yanke lambobin masu gida, ya yanke farashi, ya yanke lambar Ilu ma. Aka liƙa talla duk gari, sati guda waya ba ta yi ƙara ba. Ilu ya riƙe kai. "To wa za su kira?" Nomau ya ce, "Ni ma na yi wannan tunanin, Yaya, amma ba ka tambaye ni ba."

Wata rana aka sayar da gidan bakin tasha. Ilu ya ce, "Gidan da aka sayar, ba wanda ke da izinin riƙe hotonsa. A cire ko'ina yau." Nomau ya bi bango yana kankarewa. Can ya hangi wani tsoho da ƙosai a naɗe cikin takardar tallan. Ya yi sallama, ya zare takardar, ya juye masa ƙosan mai zafi a tafin hannu. Tsohon na ihu, Nomau na cewa, "Yi haƙuri, Baba, an sayar."

Wata rana Ilu zai je ɗaurin aure, ya ce, "Kada ka ba kowa lambar mai gida sai mai gidan ya yarda da bakinsa." Sai ga wani mai mota da ƙamshin turare, wai daga kamfanin talla na intanet, yana so ya ɗauki hoton shafukan duka. Nomau ya ce, "Ba komai, ranka ya daɗe. Gida arba'in da bakwai ne, mu je mu tambaye su." Kafin baƙon ya yi magana, Nomau ya shige motar da littafi a ƙirji.

Gidan farko na Hajiya Larai ne. Tana leƙowa ta ga baƙon, ta tafa hannu. "Kai ne! Kai ka sa gidan ƙanwata a waya, ka ba mutum uku haya, alhali ba naka ba ne!" Maƙwabta suka fito. Baƙon ya ruga da gudu, ya bar takalmi ɗaya a ƙofar gida.

Da Ilu ya dawo ya ji, sai da ya zauna a ƙasa. Ya ce, "Nomau, aikin nan naka ne har tsufa. Ba ni lambar Hajiya in yi mata godiya."

Nomau ya ƙanƙame littafin. "Sa takalminka, Yaya, mu je mu tambaye ta."