Man Gyaɗa a Jikin Mota

Malam Barau mutum ne mai son motarsa fiye da yadda yake son cikinsa, kuma cikin ma ba ƙaramin so yake masa ba. Motar ta kwana biyu a duniya, amma kullum da safe sai ya wanke ta da kansa, ya bi ta da tsumma mai laushi, ya lulluɓe ta da tamfol kada rana ta ci fentin. Abin alfaharinsa shi ne, duk bikin da aka yi a ƙauyensu motarsa ce ke ɗaukar amarya. Gudummawarsa ke nan, daga ita ba ƙari. Ko goro ɗaya ba a taɓa ganin ya fito daga aljihunsa ba, sai dai ya iso da wuri, ya naɗe hannun riga, ya zauna wa tuwon biki.

Bana sai wani ɗan garin mai suna Sabi'u ya sayo mota mai sheƙi, aka fara raɗe-raɗin ita za ta ɗauki amaryar ranar Asabar. Hankalin Barau ya tashi. Ya zagaya tasa sau uku. Fenti lafiya lau, amma baƙar robar bamba da ta gefen ƙofofi duk sun koɗe, sun yi furu-furu kamar ƙafar da ba ta ga mai ba. Mai wankin mota ya ce masa akwai man da ake sayarwa domin wannan. Da Barau ya ji farashin, ya ce zai je ya yi shawara. Shawarar ba ta wuce madafar matarsa ba. Ya ɗauko kwalbar man gyaɗa, ya shafe robobin tas, da ya ga abin ya yi kyau kuma ya bi har kan bonet.

Gaskiya motar ta haska. Ranar bikin ya faka ta a gindin darbejiyar ƙofar gidan biki, mutane suna ta yabawa, shi kuwa yana gyara zaman hula. Ransa fari ƙal ya shige zaure wurin abinci.

Yana kan kwano na biyu ƙamshin man ya isa hancin awakin Iya Tasalla, wata tsohuwa da ke maƙwabtaka da gidan. Suka zo su bakwai suka kewaye motar, kowace ta kama ɓangarenta tana lasa. Bunsurun cikinsu ya ga na ƙasa bai ishe shi ba, ya ɗare kan bonet, santsi na kwasarsa yana turjewa, kofatansa suna zane fentin son ransu.

Daidai lokacin aka fito da amarya. Gwaggonta ta matso, ta shinshina, ta ce ita dai ba za ta saka 'yarta a motar da ke warin bunsuru da ƙuli-ƙuli ba. Barau ya fito daga zaure, yana tsaye da loma a hannu aka buɗe motar Sabi'u, aka yi guɗa, aka tafi. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, har idonsa ya kaɗa.

Bai ko wanke hannu ba ya sa aka kira Iya Tasalla gaban mai unguwa, wanda ke zaune cikin dattawa a kan tabarma. Ya nuna zanen kofato, ya nuna yawu, ya ce lallai sai an bi masa haƙƙinsa.

Mai unguwa ya ce, “Iya, kin ji. Awakinki ne?”

“Nawa ne, ranka ya daɗe. Amma a tambaye shi me ya shafa wa motar. Ga motoci nan birjik, ba wadda suka kula.”

Barau ya ce ƙasa-ƙasa, “Man gyaɗa ne. To don na shafa wa motata mai sai a zo a lashe?”

Iya Tasalla ta gyara mayafinta, ta dube shi sama da ƙasa.

“Haba Barau, ɗan nan. Shekara ashirin kana zuwa biki garin nan, sai yau Allah ya nufe ka da kawo abin ci, shi ne kuma za ka kai ƙarar waɗanda suka ci?”